Jegon Zara a Gidan da Ba Babba

Ƙofar Kwaya,
Katsina.
9 ga Nuwamba, 1979.

Zuwa ga ɗiyata Suwaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar alheri, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Mannir da mijina Mahmud. Yaya nauyin jiki, yaya kuma ruwan Fatakwal da kika ce ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara maki lafiya, ya raba ku lafiya, ya sa mu ga abin da za a haifa da idonmu. Saƙonki ya iso ta hannun direban nan, busasshen kifin ya zo bai lalace ba, mun gode, Allah ya yi albarka. Mu nan duk lafiya lau. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, yana zuwa ofis. Tun da sojoji suka miƙa mulki zauren gidan nan bai rabu da baƙi ba, kowa da ɗan'uwan da yake so a kai gaban wane, shi kuwa kin san halinsa, sai ya ba su ruwa ya ba su haƙuri. Goggonku Asabe ta aiko daga Batagarawa, gero ya yi kyau bana. Mun yi Babbar Salla lafiya, sai dai ni rabin Sallata a asibiti na yi ta, kuma dalilin ke nan da ya sa na zauna rubuta maki doguwar takarda.

Wani abu ne ya faru a unguwar nan wanda saura kaɗan ya zama mutuwa, kuma da hannun gidanmu a ciki. Bari in fara gaya maki ƙarshensa don kada hankalinki ya tashi a halin da kike ciki: yarinyar ta rayu, tana samun sauƙi, kuma ƙanwarki Hauwa'u lafiyarta lau. To yanzu ki karanta a natse, don akwai abin da ya shafe ki a ciki.

Kin san kangon gidan marigayi Alhaji Mamman mai fata da ke bayan masallaci, wanda magada suka bari ba kowa. Tun farkon damina wasu yara huɗu 'yan gudun hijira daga Cadi ke zaune a ciki. Yaƙin Injamena ne ya koro su. Hausawan can ne, kakanninsu fatake ne da suka tafi suka zauna, Hausarsu da ɗan Larabci a ciki, in sun ruɗe kuma sai Faransanci. Biyu maza, Mudassir da Babaji, ba wanda ya wuce shekara ashirin. Biyu mata, Rashida da Fatimatuzzahra, wadda suke ce ma Zara. Ba dangin juna ba ne, unguwa ɗaya kawai suka tashi. Kakan Mudassir ya sha gaya mashi asalinsu Ƙofar Kwaya ne, shi ya sa suka yo nan, amma da suka iso ba wanda ya tuna da sunan tsohon. Mai unguwa ya tausaya ya ba su aron kangon. Iyayensu, wasu an tabbatar sun rasu, wasu ba a san inda suke ba. Zara ta zo da ƙaramin ciki. Mijinta ne ya tsallakar da su kogi, ya koma ɗauko tsohuwarsa, har yau shiru.

Ba zan ɓoye maki ba, ban so zamansu ba. Samari biyu da 'yan mata biyu, ba muharraman juna ba, ba babba a gida, wannan ba tsarin da na sani ba ne. An gaya mani mazan a zaure suke kwana, ba sa shiga ciki sai da sallama, na ce ji nake yi. Na kira Hauwa'u na gargaɗe ta kada ƙafarta ta taka gidan. Har yanzu ban ce uwa ta yi laifi ba don ta tsare ɗiyarta 'yar aji huɗu. Ashe tuni sun saba da Rashida a bakin famfo, Rashida na duba mata aikin Faransanci na makaranta, kuma kusan kullum in Hauwa'u ta taso sai ta ratse can kafin ta iso gida. Wata huɗu tana yi ban sani ba. Wannan magana ce daban, mun kuma yi ta ni da ita.

Zara ta haihu kwana uku bayan an miƙa mulki, gari na ta kaɗe-kaɗe. Namiji ne, aka sa mashi Usman, suna ce mashi Shehu. Ban je suna ba, labari aka kawo mani. Wai da liman ya tambayi ina dangin uba, Mudassir ya miƙe ya ce ga su. Ina dangin uwa, Babaji ya ce ga su. Rashida kuwa ita ce kaka, matan unguwa na ta dariyar kaka 'yar shekara sha tara. Wai har sa-in-sa suka yi a tsakar gida da ƙarfi, Babaji na cewa dangin uba ba su da kunya, sun kawo akuyar da iska ke ɗauka, Mudassir na cewa dangin uwa ko rabon goro ba su iya ba, sun ba mutum ɗaya sau uku. Duk don Zara ta jiyo daga ɗaki ta yi dariya, don tun asuba take kukan uwarta. Da aka ba ni labari na ce wasan yara ne. Ungozoma ta yi wa jariri wanka har zuwa suna, ta ce wankan uwa na dangi ne, ta yi tafiyarta.

Ranar wata Talata bayan la'asar, jegon na kwana sha tara, ina zaune ina tsintar wake, sai Hauwa'u ta zo tana ta kewaye ni kamar mai neman abu. Can ta tambaye ni, wai idan ƙafafun mai jego suka kumbura, kanwa nawa ake ƙara mata a kunu. Na ajiye faifan. Ba ki san Ladi ba, ƙawata ce tun muna makarantar 'yan mata, ta rasu kina goye. Haka nata ya fara bayan haihuwar fari, kumburin ƙafa da haki. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa, ba ta kai arba'in ba. Sai bayan shekaru wata nas a wurin awo ta gaya mana ba sanyi ba ne, zuciya ce ke gazawa, kuma kanwar da zafin su ke ƙara mata nauyi. Na tambayi Hauwa'u wace mai jego. Ta fara kame-kame. Na sake tambaya da muryar da kika sani, sai ta fashe da kuka ta faɗi komai.

Ga yadda abin yake. Rashida ita ce auta a gidansu, a makaranta ta tashi, ba ta taɓa ganin yadda ake jego ba. Ta zauna tana kuka wai Zara za ta lalace a hannunta. Sai ƙanwarki ta ce ai ita ta sani, ta ga duk yadda na yi maki lokacin da kika zo wankan Mahmud. Ta zayyana masu babbar tukunya, da ganyen bedi, da gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Babaji leburan magina ne, a yini biyu ya gina gadon. Abin da Hauwa'u ta gani shi ne ina ɗauko dunƙulen kanwa kamar dunƙulen hannu ina shiga da shi madafa. Abin da ba ta gani ba shi ne jiƙa shi nake yi a kwano, in ya kwanta in tsiyayi ruwan sama ludayi guda, dunƙulen nan ya yi mani mako. Ta ce masu dunƙule guda ake jefa wa kowace tukunya. Su kuma suka ƙara nasu. Wai sun zauna sun yi shawara, suka ce wadda ke da uwa sau biyu ake yi mata wanka a yini, to Zara da ba ta da uwa a yi mata uku, kunu ma a ninka, wuta kada ta mutu dare da rana, don kada ta ji a jikinta cewa ba ta da kowa. Da ƙafa ta fara kumbura, wata mai sayar da ƙuli ta ce masu sanyi ne, suka ƙara itace.

Na yafa mayafi. Babanku na zaure, na ce mashi zan fita, maganar rai ce, bai tambaye ni komai ba. Ranar na fara shiga gidan. Zan faɗi gaskiya, na same shi a share tas, an raba zaure da cikin gida da labulen buhu, mazan na waje suna faskare, suna ganina suka zube suna gaisuwa. Ɗakin kuwa kamar tanderu. Zara na zaune a kan gadon ta jingina da bango, don kwana uku ke nan ba ta iya kwanciya, in ta kwanta numfashi ya ƙi. Fuska ta kumbura, leɓe ya yi duhu, tana tari. Na danna ƙaurinta da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Na ɗanɗana kunun da ke gefe, sai da na tofar, harshena ya yi ta zafi har magariba. A haka take ƙoƙarin ba yaron nono, tana kuma ƙoƙarin durƙusawa ta gaishe ni.

Na ce a janye wutar nan yanzu. Sai Rashida ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, kanta a ƙasa, amma ba ta kauce ba. Ta ce in yi haƙuri Mama, an ce masu in wuta ta mutu sanyi zai kashe ta, kuma ita aka damƙa wa Zara, ba za ta yi wasa da ranta ba don wata ta shigo yau ta ce. Raina ya ɓaci, amma a zuciyata na ce wannan yarinya an yi mata tarbiyya. Na gaya mata haihuwata shida, na kuma ga yadda aka rufe ƙawata da irin wannan ƙafar, kuma yau ɗin nan za a kai Zara asibiti. Da jin asibiti sai Mudassir ya matso bakin labule ya durƙusa. Ya ce ba su da takarda ko ɗaya, kuma ana ta faɗa a kasuwa wai sabuwar gwamnati za ta kwashe baƙi. In aka rubuta sunan Zara aka riƙe ta, an raba su ke nan. Shi ya sa ko awo ba ta taɓa zuwa ba. Na ce mashi in an riƙe ta a ofis akwai wanda za a je a roƙa, in ta kwana biyu nan gaba a ɗakin nan ba wanda za a roƙa. Ki ji abin da suka yi. Suka ce in ba su minti kaɗan. Su ukun suka haɗa kai a bakin ƙofa, suka tambayi Zara, don wai ba sa yanke komai sai duk huɗun sun yarda. Ina tsaye ina tafasa, yarinya na haki, su suna shawara. Zara ta ɗaga kai alamar ta yarda. Kafin in juya Babaji ya kwashe garwashin da shebur, Mudassir ya ruga titi neman tasi.

A wurin yankan kati malamin ya tambayi sunanta da unguwa da mai jinya. Na ce Fatimatuzzahra, Ƙofar Kwaya, mai jinya Binta matar Malam, ga lambar gida. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, shi ma bai tambayi takarda ba, ko kai bai ɗaga ba. Mudassir da ke bayana sai da ya jingina da bango. Likitan wani Ba'indiye ne. Ya sa abin saurare a ƙirjinta ya daɗe, sannan ya ce zuciya ta gaji, ruwa ya taru har huhu, gishirin da ke cikin kanwa ne ke riƙe ruwan, zafin kuma ya ƙara wahalar da ita. Ya ce da an ƙara kwana biyu da ba shi za a kawo wa ita ba. Ya tambayi wa ya ba ta, na ce mu ne. Na yi mashi bayani da Turanci cewa yara ne suka yi kuskuren awo, na gaya mashi yadda ni nake yi, ludayi guda. Na zaci zai ce to haka ne. Sai ya girgiza kai ya ce ludayin ma gara babu, gadon wutar kuma ko na kwana ɗaya ba ya so. Ban ji daɗin maganar ba, don kuwa haka uwata ta yi mani, haka na yi maki. Amma ga yarinya a gabana tana kokawa da numfashi, ba lokacin kare al'ada ba ne.

Kwana uku na farko ba wanda ya iya ce mana za ta tashi. Ana yi mata allurar da ke fitar da ruwa, an tokare ta da matasai. A kwanakin nan na ga abin da nake so ki sani game da yaran nan. Rashida ba ta bar gefen gadon ba, ita ke riƙe Shehu, ita ke miƙa shi in za a ba shi nono. Maza ba sa shiga ɗakin mata sai lokacin ziyara, sai suka samu wata bishiya daidai tagar Zara. In Mudassir ya tafi wurin telan da yake yi wa aiki a Babbar Kasuwa, Babaji na zaune a gindinta. In Babaji ya tafi gini, Mudassir ya karɓe shi. Duk sa'ad da ta waiga sai ta ga ɗaya. Masu gadi har suka saba, suna ce masu 'yan sandan taga. Abincin da nake aika wa Rashida kuwa, sai na lura tana rufe shi ta ajiye. Na yi mata faɗa, na ce mai jinya ba ta zama da yunwa. Ta ce tun daga hanya ba su taɓa cin abinci a rarrabe ba, ko rogo guda ne sai an jira kowa. Daga ranar na ƙara girman kwanon. Rana ta huɗu da hantsi na shiga na tarar Zara ta kwanta sosai a kan bayanta tana barci, abin da ta yi mako ba ta yi ba. Nas ta ce mani mafi wuyar ta wuce. Na fita na gaya wa Babaji, ya rufe fuska da hula, ya daɗe bai buɗe ba. Ni ma sai da na samu benci na zauna. Alhamdu lillahi.

A gida kuma ga Hauwa'u. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, kan saɓa magana, da kan ɗaukar abin da ba ta sani ba ta koyar. Kwana biyu ba ta ci abinci ba, tana cewa ita ta kashe Zara. Washegarin Salla su ukun suka zo gaishe da babanku, aka shigo da su tsakar gida. Mudassir ya ce sun zo roƙo ne, a daina ɗora wa Hauwa'u laifi. Ya ce ƙa'idarsu ita ce abin da ɗaya ya yi duka suka yi, ko na kirki ko na kuskure, kuma tun da daɗewa sun lissafa ta ta biyar a cikinsu. Babaji ya ce in rabon laifi za a yi shi ne mai babban kaso, don ya gina gadon da ko tuwo aka ɗora a kai sai ya ƙone. Babanku ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ce masu ɗiyata uwarta na nan da ranta, ubanta ga shi zaune, ba ta cikin lissafin marayu. Rashida ta ce ai shi ya sa suke son ta, ita ce kaɗai a cikinsu da in ta yi laifi akwai mai yi mata faɗa. Na tashi na zubo masu nama.

Na yi tunani a kan wannan, Suwaiba, kuma ke zan gaya wa. Hauwa'u ta yi laifi. Amma kwana sha tara tana ɗauke da tambayar da zan amsa mata a numfashi guda, ta kasa yi mani, don na rufe ƙofar. Gidan nan da kangon nan taku nawa ne? Yarinya ta haihu a bayan masallacinmu ba uwa, matan unguwa duka mun sani, mun yi dariyar kaka 'yar sha tara, ba wadda ta ɗauki mayafi ta je ta ga wa ke dafa mata ruwa. Yaran da muke zargi da rashin tarbiyya su ne suka riƙe abin da aka koya masu, har suka wuce da shi gona da iri, mu masu iyaye da karatu muka zauna. Ki riƙe wannan a gidanki. Ki tsare 'ya'yanki, amma kada ki tsare su har su ji tsoron tambayarki. In kuma baƙo ya sauka kusa da ke, ki je ki gani da idonki kafin ki yanke mashi hukunci.

Kwanan Zara sha ɗaya a asibiti aka sallame ta, da ƙwayoyi da sharuɗɗa: ba kanwa, ba gadon wuta, gishiri kaɗan, ruwan wanka mai ɗumi kawai. Na shawarci babanku, na share ɗakinki na sa sabuwar tabarma, na ce Zara da Rashida su dawo nan su ƙarasa arba'in a gabana. Zara ta yi godiya har da hawaye, sannan ta ce ba za ta iya ba. Ta ce ranar da suka tsallake kogi, a bakin ruwa suka yi alkawari ba wanda zai shiga inuwa ya bar sauran a rana, ba za ta kwana a kan katifa su Mudassir na kango ba. Mazan da kansu suka roƙe ta ta zo, ta ƙi. Ni kuma ba zan sauke samari biyu a gidan da ke da budurwa ba, wannan ko yau aka tambaye ni amsata ɗaya ce. Na gaya mata taurin kai ba addini ba ne. Ta ce haka ne Mama, ta ci gaba da naɗe kayanta. To barin ta a hannunsu su kaɗai ban yarda ba, don na san in ta yi atishawa sau biyu sai wani ya hura wuta saboda tausayi. Shi ke nan, ni nake zuwa. Kullum da hantsi in babanku ya fita sai in tafi, in taɓa ruwan da gwiwar hannuna, in yi mata wanka, in dama kunu da tsamiya, in ba ta ƙwayar a gabana, in danna ƙafar in gani. Gadon na sa a rushe shi, Babaji ya roƙa a bar shi ya yi da hannunsa. Jiya mun koma asibiti, likita ya saurari ƙirjinta ya ce zuciya na dawowa, a ci gaba da magani, kada ta yi aikin ƙarfi. Ƙafarta ta shiga takalminta, kuma daga bakin titi zuwa gida da kanta ta taka ba ta tsaya hutawa ba.

Yanzu ga naki. In Allah ya kai mu watan haihuwarki ki taho gida da wuri, kada ki jira sai ya matso. Za a yi maki wanka, za ki ci ƙauri da yaji kamar kowa, amma ba kanwa, ba wuta a ƙarƙashin gado. Na san surukarki za ta yi magana, tsofaffin gidanmu ma za su yi. Kada ki yi gardama da kowa, ba tarbiyyarki ba ce. Ki ce uwarki ce ta hana, a zo a same ni. Kuma ki riƙa zuwa awo, kada ki ce Mahmud ya hana ki, ki goya shi ki tafi.

Saura abu guda. Talata mai zuwa Zara ke arba'in. Shekaranjiya ina tsane mata kai na ji Rashida na tambayar Hauwa'u a hankali, wai a nan in mai jego ta yi arba'in gidajen wa take zuwa yawo. Hauwa'u ta ce gidajen dangi, a nuna masu jariri a gode masu. Rashida ta ce to su sai dai ta fita ta ƙofa ta zagaya masallaci ta dawo, su Mudassir su yi mata maraba kamar daga nesa ta zo. Suka yi dariya, Zara ma ta yi, amma ni da ke riƙe da kanta na san ba dariyar daɗi ba ce. Da na dawo gida na zauna na rubuta gidaje shida. Za ta fara da gidan kawunku na Babbar Kasuwa, sai gidan Inna kakarku, sai sauran, mu ƙare a Batagarawa wurin Goggo Asabe, babanku ya nemi mota don kada ta wahala. Na aika wa kowa, na ce ɗiya ce zan kawo masu da jika, kada wanda ya tambaye ta labarin yaƙi. Ba ta da zanen fita, saboda haka na buɗe akwatinki da kika bari na ɗauki shuɗiyar atamfar nan da ba ki ɗinka ba, Mudassir na ɗinka ta. Ban nemi izininki ba don takarda ba za ta je ta dawo kafin Talata ba. Na san abin da za ki ce, ni na raine ki.

Ki gaishe mani da Malam Mannir da kyau, Allah ya taimake shi a kan aikinsa. Ki shafa mani kan Mahmud, ki ce matarsa na nan na jiran cefane. Ki gaishe da maƙwabciyarki Maman Fatsuma da ke taimakonki, ki ce na gode. Babanku na sa maku albarka. Ƙanenki Iro na gaishe ki, Hauwa'u ma, ta ce za ta rubuto maki tata da kanta, na ce ta rubuta gaskiya. Rashida da Zara sun ce a gaishe da Yaya Suwaiba, ko da yake ba su taɓa ganinki ba. Ki sa su a addu'a, Allah ya bayyana masu nasu in suna raye, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya tsare ki, ya sauke ki lafiya, amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Binta.